Sigina na lalacewa a gajeriyar hanya, ina mafita?

Mai tambaya: Salamu alaikum injiniyoyi. Layin faiba ne (zaren gilashi mai ɗaukar bayanai da haske) mai gurabe masu sassauci, wato ana iya faɗaɗa ko rage gurbin da kowace tashar haske ke ci, manhajar zaɓen hanya kuma kilomita kawai take dubawa. Ta ɗora 200G (gigabit 200 a daƙiƙa) na 16QAM, wani salon ɗora bayanai a kan haske, a hanya mai zango 12 (zango shi ne tazara tsakanin na'urorin ƙara ƙarfin haske biyu), kowanne kilomita 80, asarar haske a kowane zango 22 dB (desibel), ta ratsa ROADM bakwai, wato na'urorin da ke karkatar da tashoshin haske a mahaɗa. Kurakurai kafin FEC (tsarin gyara kurakuran bayanai) suna ta hawa. Akwai wata hanyar mai zango 15, asara 18 dB. In ƙara ƙarfin haske ne ko in sauya hanya?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam, Malam. Yi lissafi tukuna. OSNR, wato ma'aunin ƙarfin sigina a kan hayaniya, ana samunsa haka: a ɗauki 58, a haɗa ƙarfin tasha, a cire asarar zango da hayaniyar EDFA (na'urar ƙara ƙarfin haske) da 10 log na yawan zango. Da ƙarfin tasha 0 dBm da hayaniya 5.5 dB, gajeriyar ta ba ka 19.7 dB, doguwar 22.7. Ka ga mai nisan ta fi da 3 dB. 16QAM a 32 Gbaud (gudun aika alamomi) yana son OSNR na kusan 19 zuwa 20, wato a bakin rami kake. Kuma 22 dB a kilomita 80 ya yi yawa, zaren faiba samfurin G.652 kusan 0.2 dB yake ci a kilomita. Ka sa OTDR, na'urar gano inda haske ke ɓacewa a zaren, galibi tarin haɗi ne a inda masu aikin titi suka sha yanke zaren, ko kan haɗi mai datti.

Amsa ta biyu: Injiniya ya yi daidai, sai dai lissafinsa bai sa illar Kerr ba, wato hayaniyar da ƙarfin hasken kansa ke haifarwa a cikin zaren. Kada ka taɓa ƙarfin hasken da ka. Wannan hayaniyar tana hawa da ƙarfi ninki uku a dB: ka ƙara 1, ta ƙaru da 3. A ƙarfin da ya fi dacewa ma tana cin kusan 1.8 dB, don haka GSNR ɗinka na gaske (ma'aunin da ya haɗa hayaniyar EDFA da ta Kerr) bai wuce 18 ba. Ga kuma ROADM bakwai, kowanne yana ɗan aske gefen siginar, gurbin tasha mai faɗin 37.5 GHz ba ya jure haka. A ƙara masa 12.5 ya zama 50.

Gyaran na manhaja ne. Ta fitar da hanyoyi uku zuwa biyar, ta lissafa GSNR na kowacce (GNPy, manhajar da ke wannan lissafin, kyauta ce), ta cire rarar kamar 2 dB saboda tsufa da gyare-gyare, sannan ta zaɓi salon da ya tsallake.

Amsa ta uku: Ƙari kaɗan, ranka ya daɗe. Kafin ka koma doguwar, tabbatar guraben suna jere kuma iri ɗaya daga farko har ƙarshe, sannan ka sake lissafin tashoshin da ke maƙwabtaka, sabuwar za ta rage musu. In babu wuri, zauna a gajeriyar da QPSK, salon da ya fi 16QAM jure hayaniya, a kusan 64 Gbaud. Zai ci 75 GHz, ninki biyu na 37.5, amma buƙatarsa ta OSNR ta sauka zuwa wajen 14 ko 15 dB.