Wai me za mu kira bread pudding da Hausa? Ni dai na tsaya a kan alalar burodi

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah ku tayani wani tunani. Akwai abincin nan da Turawa ke ce wa bread pudding, yau wata uku kenan ina yinsa a gida har matan unguwa sun fara aiko yara a sam musu, amma duk wadda ta tambayeni sunansa sai in yi shiru. Inna tunda ta ji sunan sau ɗaya ta ce bakinta ba zai iya ba, "abin nan naki na burodi" kawai take cewa.

Maigidan shayi yake sayarwa a ƙauyenmu nan ƙasar Ringim, motar burodi kuma ba kullum take shigowa ba, in ya sara da yawa aka yi rashin ciniki sai burodin ya kwana biyu ya bushe, mai shan shayi ba zai karɓa ba. Da kaji muke marmasa wa, abin yana min ciwo wallahi, ga tsadar da burodi ya yi. Ƙanwata da ke karatu a Dutse ce ta zo hutu ta nuna min dabarar.

Bari in faɗi yadda ake yi tukuna, dan sai an ga jariri ake raɗa masa suna. Ki samu busasshen burodi kamar rabin babba, wanda ya bushe fa ba wanda ya yi fumfuna ba, mai fumfuna zubarwa ake. Ki gutsuttsura shi. Ki fasa ƙwai 3 ki kaɗa da madara kofi 2, ta shanu da aka tafasa ko ta gwangwani da aka sirka da ruwa, sukari cokali 4, ɗan man shanu, kirfa kaɗan. Turawa zabibi suke sakawa, ni dabino nake yankawa dan shi ne a kusa. Ki juye a kan burodin ki barshi ya jiƙa kamar minti 20, a nan ne busasshen ya fi sabo dan ya fi shan madarar kuma baya dagargajewa ya koma kamar koko. Sai ki shafa wa kwano ko gwangwanaye mai ki zuba. Mai obin ta sa a digiri 180 kamar minti 40. Mu da ba mu da shi yashi muke shimfiɗawa a gindin tukunya ya yi zafi, a ɗora kwanon a kai, a rufe, a zuba garwashi a kan murfin dan saman ya yi ja. In kin soka tsinke ya fito ba danshin ƙwai ya yi.

To suna.

Malamin makarantar su Abba ya ce a bi hanyar da kakanni suka bi kawai, yadda pancake ya koma fanke, a ce fudin. Allah gafarta Malam, maganarka tana kan hanya, harafin nan na p dama f yake komawa a bakinmu, ga faranti ga fensir, shi kansa burodin aro ne, gurasa da sukari kuma daga Larabci muka samo. Amma fudin bai gaya wa kowa komai ba. Sannan su Turawan Ingila abubuwa da yawa suke kira da wannan sunan, har wani da suke yi da jini a ɗura a hanji, to ni bana son sunan da sai na tsaya ina bayanin ba wancan ba ne.

Wata ta ce kek ɗin burodi. A'a Yaya, kek da fulawa ake kwaɓa shi ya tashi, wannan ba ya tashi, jiƙa shi ake ƙwai ya kama shi. Kunun burodi ma an kawo, kunu sha ake, wannan kuwa yankawa ake da wuƙa.

Wanda ya daɗe a raina shi ne ɗumamen burodi, kwana na yi ina juya shi. Dan asalin abin kenan, a Ingila ma abincin talaka ne da aka ƙirƙira saboda kar ragowar burodi ta tafi a banza, daidai da yadda tuwon dare ba ya zubewa a gidan Bahaushe, da safe a ɗumama da sauran miya yara su ci su tafi makaranta. Mutanen Misra ma suna da nasu mai kama da shi, Ummu Ali, da madara da kwakwa da zabibi, alhazan da suka yi azumi a Saudiyya wataƙila sun ci karo da shi, kun ga su ba su fassara sunan kowa ba, nasu suka raɗa. Shi ya sa na so ɗumame.

Amma sai na gwada. Na leƙa gidan maƙwabciyata na ce, Maman biyu, in aka ce ki yi ɗumamen burodi me za ki yi? Ta ce ta ɗora shi a kan garwashi ya yi ɗumi mana. Na ce to in aka ce alalar burodi fa? Ko tunani ba ta yi ba ta ce a jiƙa, a dama, a fasa ƙwai, a shafa wa gwangwani mai a zuba, a sa a wuta ya daskare. Wallahi ba ta taɓa ganin ina yi ba amma sunan kaɗai ya koya mata fiye da rabin girkin. Tun daga nan na saki ɗumame duk da ina sonsa.

Na san za a ce alala ai ta wake ce, da manja da attaruhu, kuma turara ta ake ba gasawa ba. Haka ne. Amma mata sun riga sun buɗe sunan, ana alalar doya ana alalar dankali ba wanda ya ce laifi ne. Maganar turarawa kuma su kansu Turawan fudin ɗinsu na Kirsimeti turara shi suke, nima ranar da ba garwashi na turara nawa a madambaci ya yi daidai, sai dai saman bai yi ja ba. Wadda ke tsoron a ɗauka mai yaji ce ta ƙara da cewa mai zaƙi, shi kenan.

Masu cewa alale ku ce alalen burodi, duk ɗaya ne. Inna dai ta kama sunan tun jiya, sau biyu tana faɗa ba tuntuɓe. Gobe in Allah ya kaimu zan yi gwangwani 10 in aika wajen teburin babansu, na ce masa duk wanda ya tambaya ya ce alalar burodi ce, in ya dawo da daddare zan faɗa muku yadda masu shan shayi suka karɓi sunan.