Wane suna za mu raɗa wa fsmonitor da Hausa?

Bazazzagiya: Salamu alaikum. Ana rubuta wa ɗalibai bayanin Git da Hausa, wato manhajar da ke adana tarihin canje-canjen da ake yi wa fayilolin aiki, an iso kan fsmonitor, wani ɓangarensa mai lura da fayiloli, an cije. Repository dai mun tsaya a kan "rumbu", index kuma "rajista". Shi wannan fa? Shawarata a ce "mai gadin fayil". Malamai, me kuka gani?

Bakatsine: Wa alaikumus salam, Malama. Kafin suna, a fara duba aikinsa. Duk sanda aka buga `git status`, umarnin da ke nuna abin da ya canza, Git yakan bi fayilolin da ke rajista ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi kwamfuta girman kowanne da lokacin da aka taɓa shi na ƙarshe, ya gwada da abin da ya rubuta a `.git/index`. Sannan ya leƙa kowace folda ko akwai sabon fayil da ba a yi wa rajista ba. A rumbu mai fayil 2,000 ba za ki ji komai ba. Amma a 2017 da Microsoft suka mayar da aikin Windows kan Git, fayil kusan miliyan 3.5 ne, nauyinsu wajen GB 300, kuma su da bakinsu suka ce `git status` kaɗai na cin kusan minti 10.

Shi fsmonitor ɗan shiri ne da ke zaune a bayan fage, kwamfuta na sanar da shi duk fayil ɗin da aka taɓa. Git sai ya miƙa masa alamar tambayarsa ta baya, ya ce daga nan zuwa yanzu me ya motsa? Ya ba shi sunaye biyar ko shida, Git ya duba su kaɗai. To mai gadi aikinsa hanawa ne. Wannan kuwa ko rumbun duka za a goge, ba zai tare kowa ba. Ɗalibi zai ɗauka kariya ce, ya sake jiki.

Ɗan Damagaram: Gaskiya ne, Malam. To "mai sa ido" fa? Rediyo ta riga ta saba mana da shi, ana cewa masu sa ido a zaɓe.

Bakatsine: Ya fi mai gadi kusa, amma mai sa ido yana ganin abin da ya faru, ya kuma yi hukunci. Wannan bai taɓa buɗe fayil ba. Ka buɗe fayil ka adana shi ba ka canza ko harafi ɗaya ba, zai kai sunansa. Git ne zai karanta abin da ke ciki, ya ga bai sauya ba, ya ƙyale shi. Suna kawai yake kaiwa. Ni "ɗan rahoto" zan ce.

Bazazzagiya: Ɗan rahoto ya zauna a baki. Yana kuskure?

Basakkwace: Yana rasa labari dai, Malama, amma ba ya rufa-rufa. In an sake kunna kwamfuta, ko canje-canje suka yi masa yawa lokaci guda har wasu sanarwar suka zube, sai ya ce wa Git ya duba komai da kansa. Shi ya sa `git status` na farko bayan kunna shi yake jan ƙafa kamar da, na biyu ne ake ganin saurin. Mutane da yawa a na farkon suke yanke ƙauna su kashe shi.

A saka wa ɗaliban matakan haka: `git config core.fsmonitor true`, sannan `git config core.untrackedCache true`. Na biyun nan kada a tsallake shi, shi ne yake rage leƙen folda-folda na neman sabbin fayiloli, kuma su biyun tare suka fi aiki. A tabbatar yana raye da `git fsmonitor--daemon status`. Wanda ya zo a cikin Git 2.37 a 2022 na Windows da macOS ne. Masu Linux sun saba da Watchman na Facebook, wani ɗan shiri mai irin wannan aikin. Shi kuma da inotify yake dogara, wato hanyar da Linux ke sanar da cewa an taɓa fayil, inda kowace folda ke cin gurbi ɗaya. In foldoji suka wuce adadin da ke `fs.inotify.max_user_watches`, sai ya fara kuka, dole a ɗaga adadin.

Ɗan Damagaram: Na amince da ɗan rahoto. Roƙona ɗaya, a raba shi da `git update-index --assume-unchanged` a cikin bayanin, don ana yawan cakuɗa su. Wancan alkawari ne kake yi wa Git cewa ba za ka taɓa fayil ba, sai ya daina dubawa. Ka saɓa ka gyara shi, gyaran ba zai fito a `git status` ba, ka tura aiki babu shi. Wannan "kau da kai" ya dace da shi.

Bazazzagiya: Allah ya ƙara basira. Na rubuta "ɗan rahoton fayil" a ambato na farko, daga nan "ɗan rahoto" kawai, wancan kuma "kau da kai". Yaya Basakkwace, in rumbun a kan sabar ofis yake, wato babbar kwamfutar da ake tarayya a kanta, ana shigarsa ta netwok, zai yi aiki?

Basakkwace: Zai ƙi tashi, kuma da gangan aka yi shi haka, domin in wata kwamfutar ta taɓa fayil, ba lallai sanarwar ta iso taki ba. Akwai `fsmonitor.allowRemote` mai tilasta shi, amma gara a kwafo rumbun kan faifan kwamfutar a yi aikin a nan.