Buji na ta yin baƙi a tsohuwar tarakta, wane iri zan saya?

Manomi daga Pitoa:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu sanin inji ku taimaka min. Ina da tsohuwar Ferguson TEA-20 mai shan esans (fetur), 'yar tokar nan ta Ingila, gadon mahaifinmu ce kuma da ita muke huɗar masara da gyaɗa. Bujin (fulogin) da ke kanta NGK B6HS ne, na saka sabbi guda 4 amma ko sati biyu ba a yi ba ta fara tari tana karkarwa, da na kwance sai na ga uku sun yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, busasshe, in ka shafa da yatsa ya goge, na huɗun kuma na can baya jiƙe yake sharkaf da baƙin mai. Kullum sai na kankare su da buroshin ƙarfe kafin ta tashi. Ga damina ta kawo kai, wallahi abin ya hana ni barci. In canza lambar buji ne ko yaya?

Bakanike daga Garwa:
Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ciwo biyu ne a injinka. Busasshen baƙin nan esans ne ya yi yawa iska ta yi kaɗan, wancan mai jiƙewa kuma baƙin mai ne ke hawowa, ko sigman (zobban fiston) sun cinye ko gid na bawul (bututun da bawul ke kai-komo a ciki). Buji mai zafi zai taimaka, saboda sai bakinsa ya kai wajen digiri 450 zuwa 500 yake ƙone dattin da kansa. A NGK ƙaramar lamba ita ce mai zafi, wato daga B6HS ka sauko B5HS, amma a Champion akasin haka ne, babbar lamba ce mai zafi, nan mutane ke ruɗewa. Mataki ɗaya kawai, kar ka zarce, in ya cika zafi yana iya huda fiston. Kuma ka tafi shago da tsohon a aljihu, kar a ba ka mai ES a ƙarshen lambarsa, tsawon zarensa milimita 19 ne, na HS bai kai 13 ba.

Tsohon direban tarakta, Yagoua:
Ɗana kafin ka kashe sefa ko ɗaya, buɗe matatar iska, wannan mai kwanon mai a ƙasa. Ƙurar rani tana zama laka a ciki, inji ya kasa numfashi sai ya dinga zuƙar esans. Wanke ragar da kananzir, ka zuba mai daidai layin da aka zana. Sannan a duba ko an cire tamostat, mai daidaita zafin inji, makanikan mu suna son cire shi wai ƙasar zafi ce, alhali injin da bai ɗauki zafi ba dole buji ya yi baƙi. Ka daina barinta tana ta gurnani a tsaye yara na loda buhu, ita wannan aiki take so, ɗaura mata garma ta ja.

Wani daga Mundu, Cadi:
Yallaɓai ka kula da jabun NGK, sun cika kasuwa. Kuma in zuwa-zuwa, wato esans na bakin titi, kake zubawa ka tace da ƙyalle. A duba bis filatine da bobin masu ba buji wuta ma, wuta in ta yi rauni ko wane buji ka saka haka zai yi.

Manomi daga Pitoa:
Allah ya saka da alheri. Baba gaskiyarka, na buɗe kwanon yanzu, laka ce ta kusa kai gaɓar yatsa, tamostat kuwa babu shi sam. To oga na Garwa, silinda ta huɗun fa, za ta kai ni ƙarshen huɗa?

Bakanike daga Garwa:
In sha Allah za ta kai. Saka B5HS, tazarar bakin milimita 0.7, ka zuba mai mai kauri 20W-50, ka riƙa duba sandar mai duk safiya kuma ka ajiye buji ɗaya a akwatin sifana. Bayan girbi ka kawo ta mu auna kwamfireshon, in sigman ne a canza su.