Jan ƙarfena ya daina ba da etilin, ina neman shawara

Assalamu alaikum malamaina da 'yan uwa masana sinadarai. Ina digiri na biyu a nan Legas, aikina mayar da iskar CO2 ta zama etilin (iskar da ake yin roba da ita) ta hanyar amfani da wutar lantarki, jan ƙarfe ne katalis ɗina, wato abin da ke hanzarta wannan sauyin. Da farko etilin na fita lafiya lau, kafin a jima sai iskar haidurojin ta mamaye komai a maimakonsa. In na kwance na'urar, sai in tarar farin gishirin kabonet ya toshe bayan takardar kabon da iskar CO2 ke ratsawa ta kai ga jan ƙarfen, ruwan KOH (ruwan sinadarin da ke ɗaukar wutar a cikin na'urar) ya jiƙa ta sharkaf. Na rage ƙarfin KOH, na ƙara PTFE (wata roba mai hana ruwa jiƙa takardar), abin bai sauya zani ba. In koma ruwa mai asid ne, ko kuwa fuskar jan ƙarfen ce ke sauyawa? Don Allah ku agaza, lokacin kare aikina ya ƙarato.