Likita ta rubuta mini maganin homon, yayata ta ce ciwon kansa zan sayo da kuɗina

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a sakaya sunana. Ni malamar makaranta ce a nan Yamai, shekarata 49, 'ya'yana biyar. Wata goma sha huɗu ke nan rabona da al'ada. Wannan bai dame ni ba, azumin bana ma ban sha ko ɗaya ba. Abin da ya dame ni zafi ne. Ina tsaye gaban allo sai in ji kamar an hura mini gawayi a ƙirji, ya hau wuya, ya hau fuska, gumi ya jiƙa hijabi sharkaf, yara suna kallona. A yini sai ya zo sau goma. Da dare kuwa sai in tashi sau uku ina canza zane. Da fari na ɗora wa zafin Afirilu laifi, sai da hunturu ya shigo kowa yana neman bargo ni ina kwance gaban fanka, sannan na san daga jikina ne.

Ga saurin fushi, ga mantuwa. Abin da ban iya gaya wa kowa ba sai ku: gabana ya bushe, kwanciya da maigida ta koma azaba, har ranar girkina ta zama ranar fargaba. Shi kuma yana ganin ƙinsa nake yi.

Na je wurin likitar mata. Ta auna tansiyona (awon hawan jini) 14/9, ta rubuta mini maganin homon, wato sinadaran jikin mace da ke raguwa in al'ada ta ɗauke: man estradiol (nau'in estrojin) na shafawa da ƙwayar progesterone ta sha da dare, ta ce kafin in fara in yi hoton nono da awon jini na hanta. Da na nuna wa yayata takardar sai ta dafe ƙirji, ta ce na manta gwaggonmu da ciwon nono ya kashe? Ta ce Turawan da suka ƙirƙiro maganin ma sun gudu sun bar shi. Yau sati biyu takardar tana cikin jakata. Wadda ta taɓa amfani da shi, ko ta san gaskiyar maganar kansar nan, ta taimake ni.

Hajiya daga Tawa:

Wa alaikumus salam ɗiyata. Wanga abu ba ciwo ba ne, girma ne ya zo. Uwayenmu sunka wuce shi ba su san likita ba, mu ma munka wuce. Ni shekara biyu na yi ina fama, rannan na wayi gari babu shi. Ki rage yaji, ki bar shayin nan mai ɗaci na bayan la'asar, ki riƙa kwana da zanen auduga, ki aje ruwan randa kusa da ke. Kuma an ce mini da fitsarin doki ake yin maganin nan. Musulma da fitsari me ya haɗa su? Ki yi haƙuri, Allah shi kawo sauƙi.

Wata 'yar kasuwa daga Wadata, shekara 52:

Hajiya, Allah ya ƙara girma, amma jiki ba ɗaya ba ne. Ni na yi haƙurin shekara uku har na fara kuskuren lissafi a shago saboda rashin barci. Yanzu shekarata biyu ina shafa irin man da aka rubuta mata. Cikin sati uku na fara barci har asuba. Ba zan ɓoye miki ba, watannin farko nonona ya yi nauyi yana ciwo, kuma na ga ɗigon jini sau biyu, na koma likita ta duba ta ce ba komai, daga baya ya tsaya. Wahalarsa biyu: kuɗi duk wata, sannan wani lokaci sai ki zagaya farmasi uku kafin ki samu.

Likitar mata, 'yar wannan zaure:

Malama, ba zan canza miki abin da likitarki ta rubuta ba, ita ta gan ki, ni ban gan ki ba. Amma bari in warware miki inda maganar yayarki ta samo asali, don ba daga iska ta ɗauko ta ba.

A shekarar 2002 aka dakatar da wani babban bincike kan lafiyar mata a Amurka mai suna WHI kafin wa'adinsa ya cika. Mata sama da 16,000 ne a ciki, rabi suna shan ƙwayar estrojin haɗe da wani progestin (kwaikwayon progesterone), rabi suna shan ƙwayar da ba magani a cikinta. Bayan shekara biyar da 'yan watanni aka ga a cikin kowace mata 10,000, a shekara guda, 38 sun kamu da kansar nono a ɓangaren masu shan magani, 30 a ɓangaren waɗanda ba sa sha. Wato ƙarin mata 8. Shanyewar ɓarin jiki ma ƙarin 8 ne, daskarewar jini a jijiya ita ma ta ƙaru. A ɗaya gefen kuma karayar ƙugu ta ragu, kansar hanji ta ragu. Labari ya bazu duniya, mata da yawa suka watsar da maganin. Wannan shi ne gudun Turawan da yayarki take faɗi.

Abin da bai bazu ba shi ne, matsakaicin shekarun matan nan 63 ne, da yawansu sun fi shekara goma da daina al'ada. Da aka koma aka tsefe alƙaluman gwargwadon shekaru, sai aka ga wadda ta fara kafin ta kai 60, ko cikin shekara goma da ɗaukewar al'adarta, haɗarinta ya fi ƙanƙanta nesa, kuma in zafin yana hana ta rayuwa amfanin yakan rinjayi illar. Ke shekararki 49. Sannan akwai ɓangare na biyu na binciken, na matan da aka cire wa mahaifa, su estrojin kaɗai suka sha. Aka tsayar da shi a 2004 saboda shanyewar jiki, amma kansar nono ba ta ƙaru a cikinsu ba.

Irin maganin ma ya bambanta. Ƙwayar estrojin da ake haɗiya sai ta bi ta hanta, hanta kuma ta ƙara sarrafa sinadaran da ke daskarar da jini. Na shafawa ta fata yake shiga, ba ya bin wannan hanya, shi ya sa a daidai ƙima ba a ga yana ƙara haɗarin daskarewar jini kamar ƙwaya ba. Ina zaton tansiyonki ne ya sa likitarki ta zaɓa miki shi. Progesterone ɗin kuma, wani bincike a Faransa mai suna E3N, wanda akasarin matan cikinsa malaman makaranta ne irinki, ya nuna irin wanda ya yi daidai da na jikin mace ya fi sauƙin haɗari ga nono a shekarun farko. Sai dai wannan bibiyar mata aka yi kawai, ba gwaji ba ne irin na WHI, don haka ba na rantsuwa a kansa. Haɗarin nono yana nan, ƙarami ne, kuma yana ƙaruwa da yawan shekarun da aka yi ana amfani da maganin.

Maganar gwaggo: dangin uba ma ana lissafa su, kada a ce miki sai ta wajen uwa. Amma gwaggo ɗaya ba ta kai uwa ko 'yar uwa ciki ɗaya nauyi ba. Ki binciko shekarunta lokacin da ciwon ya kama ta, kuma ko akwai wata a dangi da ta yi kansar nono ko ta ƙwan mahaifa. Shin kin ma gaya wa likitar labarin gwaggon?

Hajiya, da girmamawa, ke Allah ya taƙaita miki. Wani binciken Amurka ya gano zafin nan yakan kai shekara bakwai ga rabin matan da yake damu sosai, a cikin baƙaƙen fata kuma har wajen goma.

Wata 'yar uwa daga Harobanda:

Likita, na gode da bayani, amma ina da ja. Ni ɗaya ce daga cikin irin matan da kike ƙirgawa. Ba maganin homon ne ya jawo mini ba, ban taɓa shan sa ba, amma an cire mini nonon hagu shekara huɗu da suka wuce, har yanzu ina shan tamoxifen, maganin hana kansar dawowa. Takwas cikin dubu goma ƙaramin abu ne a takarda. Waɗancan matan ana yi musu hoton nono a kai a kai, ana kama ciwon tun yana kamar ƙwayar gero. Mu nan fa? Matan da na zauna layi da su a cibiyar kansa ta Yamai, da yawa sai da nono ya fashe suka zo, wasu daga Tawa, wasu daga Damagaram, bayan an gama da rubutu da turare. Haɗari ɗaya ne, amma kamun ba ɗaya ba ne.

Ban ce kada ki sha ba, Malama. Na ce in kin san ba za ki iya riƙe alƙawarin komawa awo ba, ko kuɗin hoto zai gagare ki bayan shekara biyu, ki yi tunani. Ni zafin da nake ji ya fi naki, maganina ne ke kawo shi, kuma homon haramun ne a jikina. Akwai magunguna marasa homon da ke rage shi, ni an ba ni venlafaxine kaɗan, bai kashe zafin ba amma ya raba shi biyu.

Likitar mata:

Gaskiyarki, 'yar uwa, ba ni da abin cewa a nan. Allah ya ƙara miki lafiya. Duk wadda ta taɓa kansar nono, ko daskarewar jini a ƙafa ko huhu, ko shanyewar jiki, ko take da ciwon hanta mai aiki, wannan magani ba nata ba ne. Awon hantar ma kada a raina shi, ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a ƙasarmu kuma da yawa ba su san suna ɗauke da shi ba.

Wata:

Maman yara ki bar wahalar da kanki, ina da haɗi na musamman, matsi da tsumi, kwana uku maigida zai manta hanyar ɗakin amarya. Ki yi mini magana ta gefe.

Shugabar zaure:

An hana talla a nan, wannan gargaɗi na biyu ke nan.

Ungozoma mai ritaya daga Bukoki:

Tunda an taɓo wurin, bari in yi magana a kai, don na ga kowa ya bi zafi da kansa ya bar abin da ya fi ci mata rai. Ƙanwata, bushewar nan rashin estrojin ne ya sa fatar wurin ta yi siriri kamar takarda. Matsi, ko alif, ko duk wani abu mai tsuke gaba, ƙara yayyaga ta zai yi. Na ga matan da suka zo da gyambo saboda haka. Kuma shi zafin jiki yakan wuce don kansa, bushewa ba ta wucewa, gaba take yi.

Albishirin shi ne maganinta daban ne. Akwai estrojin na wurin kaɗai, na shafawa ko na sakawa, ƙimarsa kaɗan ce ƙwarai, abin da ke shiga jini bai taka kara ya karya ba. Ko kin fasa babban maganin kina iya tambayar likita wannan. Akwai kuma man santsi na ruwa a farmasi, ba ya buƙatar takarda. Sannan ki zaunar da maigida ki gaya masa. Namiji in ba a faɗa masa ba, fassarar da ta fi muni ita yake ɗauka. In kunya ta hana ki, ki tafi da shi wurin likitar ta faɗa da bakinta.

Abu ɗaya kuma ga kowa: mace ta shekara ba al'ada sannan ta ga jini, kada ta tsaya tambayar ko ta bar salla, ta je a duba mahaifa tukuna.

Mai aiki a farmasi:

Hajiyarmu ta Tawa ba ta yi ƙarya ba. Akwai tsohon magani mai suna Premarin, daga fitsarin goɗiya mai ciki ake tace shi, kuma irinsa aka yi amfani da shi a binciken 2002. Amma estradiol da progesterone da aka rubuta wa Malama daga tsirrai ake sarrafa su, irin su waken soya da wata doya. Babu doki a ciki.

Abin da nake gani a kanti shi ne ya fi ba ni tsoro. Mace ta zo da takarda mai magani biyu, kuɗi bai kai ba, ta ce a ba ta na shafawa kawai tunda shi ke kashe zafi. Kada ki yi haka. Muddin mahaifarki tana nan, estrojin shi kaɗai yana kauraro bangonta har ya iya zama kansa, progesterone ne mai tsaronta. Ko duka biyu, ko a bari. Ki sha shi da dare don yana sa barci. Man kuma ki shafa a cinya bayan wanka, ba a hannu inda alwala za ta wanke shi ba, ba kuma a nono ba, ki bari ya bushe kafin ki sa zane ko ki ɗauki jika. Akwai na liƙawa a fata, amma da guminmu na Mayu yakan ɓanɓare. Kada ki aje magani a mota ko kusa da taga. Kuma ba maganin tazarar haihuwa ba ne: wadda al'adarta ta tsaya kafin shekara 50 ana so ta ci gaba da kariya har shekara biyu, ke saura wata goma.

Hajiya daga Tawa:

To, tunda ba fitsari, na janye wannan. Amma yajin dai ki rage.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Likita, tambayarki ta kama ni: ban gaya mata labarin gwaggo ba, ta tambaye ni uwa da 'yan uwa, ni kuma ban ga gwaggo a lissafi ba. Jiya na kira babban yayanmu, ya ce ta haura saba'in lokacin da ciwon ya bayyana, kuma bai san wata ba a dangi. Na yi awon hanta da safen nan, hoton nono sai ranar Talata. In sakamako ya fito zan koma mata da shi da labarin gwaggon, in kuma tambaye ta na wurin kaɗai da Inna ungozoma ta faɗa, wannan kam ko yau aka ba ni ina so. Babban maganin ban yanke ba tukuna, maganar 'yar uwata ta Harobanda ta tsaya mini a rai. Maigida ya yarda zai raka ni, ko da yake ya ce shi a mota zai jira.