Wuƙar farauta da aka ce ba ta tsatsa: in saya ko in haƙura?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wuƙata ta farauta ta gaji da ni, ni ma na gaji da ita. Ina gama fiɗa, in na yi sake jini ya kwana a kanta, da safe ta yi ja da tsatsa. To wani maƙeri ya nuna mini wadda ya ƙera da hannu, ya ce ƙarfenta na kasko ne, wanda ake narkawa a rufaffiyar tukunya, wai ba ya tsatsa. Gaskiya ne ko daɗin bakin ciniki? Masana ku taimaka.

Tsohon mafarauci: Wa alaikumus salam. Ɗana, ba a yi ƙarfen da jini da gishiri ba sa ci ba, sai dai wani ya fi wani juriya. Kuma ka daina barin wuƙa tana kwana a kube na fata, fata tana riƙe danshi.

Maƙeri: Malam, ka tambaye shi sunan ƙarfen, domin abu biyu ake kira da wannan suna. Akwai na dauri, irin wanda aka yi a kudancin Indiya aka ƙera takubban Dimashƙa da shi, da wanda Benjamin Huntsman ya fito da shi a Ingila wajen 1740. Waɗannan kaifi kam akwai, amma suna tsatsa sarai, don babu isasshen kuromiyam, sinadarin da ke kare ƙarfe daga tsatsa, a cikinsu. Sai na zamani, wanda kamfanin Crucible na Amurka ya fito da shi (sunan kamfanin na nufin kasko), inda ake fesa narkakken ƙarfe ya zama gari sannan a matse shi da zafi. Wani nau'insa mai suna S30V, wanda ya fito a 2001, yana da kuromiyam kashi 14 cikin ɗari, shi ne ke kare shi. Abin da ya fi damuna shi ne gashin da ake yi wa wuƙar don ta yi tauri. Wannan ƙarfe yana son zafi sama da digiri 1000 a ma'aunin Salsiyas, a tanda mai agogo. Wanda ya ce da gawayi da zuga-zugi ya gasa shi da ido, ni dai ba zan saya ba, ko ƙanena ne.

Mai tambaya: Na kira shi, ya ce S35VN ne, kuma tura su yake yi wurin masu tanda.

Maƙeri: Madalla. Ƙanen S30V ne, ya fi shi sauƙin wasawa, kuma bai cika ɓantarewa ba. Ka nemi ya faɗa maka taurinta. 59 zuwa 61 a ma'aunin taurin ƙarfe na Rockwell ya yi daidai.

Wani ɗan'uwa: Ka dai tanadi dutsen wasawa mai lu'ulu'u. Ƙwayoyin sinadarin banadiyam haɗe da kabon da ke cikin ƙarfen sun fi dutse na gama-gari tauri, ni sai da na ɓata yini guda kafin na gane. Kuma kar ka sari ƙashi da ita.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Zan saye ta, tsohuwar kuma ta koma sarar ƙashi.