Farin kwaro ya kama furannin okid ɗina, ga kwaɗi a rumfar

Baban Asiya, Arkilla:

Assalamu alaikum jama'a. Ina da 'yar rumfa ta raga a bayan gida, inda nake kiwon furen nan da ake kira okid, tukwane 14, mafi yawa nau'in Dendrobium. 'Yata ce ta fara kawo mini biyu daga Legas, kowa ya ce ba za su kai bazara ba a Sakkwato. Sun kai. A gawayi da ɓawon kwakwa na dasa su, na ninka raga biyu a sama, na shimfiɗa yashi a ƙasa ina jiƙa shi safe da yamma.

Jiƙawar nan ce ta jawo mini baƙi. Kwaɗi uku suna kwana a gindin randa, ƙadangaru na sintiri a kan katako, akwai kuma wata hawainiya da jikokina suka raɗa wa suna Hajiya saboda tafiyarta. Tun da suka tare ban ƙara ganin fara ta ci mini toho ba.

To, makon jiya na ɗaga wani ganye sai na ga fari-fari kamar an liƙa auduga a hammatarsa. Na murza da yatsa, ashe kwaro ne. Ganyen ya yi danƙo, wasu sun fara baƙi kamar an shafa musu kunkunniya, kiyashi kuma sai hawa da sauka. Na je shagon maganin gona, yaron ya miƙo mini wata kwalba mai cypermethrin ya ce fesawa ɗaya ta gama. Na saya, amma na kasa buɗewa. In na fesa, ina makomar kwaɗin? Wanda ya san hanya ya taimaka.

Manomin Kwalkwalawa:

Wa'alaikumus salam Baba. Kada ka buɗe kwalbar nan. Kwaɗo ta fata yake shan ruwa, duk abin da ya sauka a yashin nan naka mai laima jikinsa zai shiga. Irin wannan magani ko kifi ba ya bari. Na taɓa wanke tankin feshi kusa da wani kududdufi a fadama, washegari talibambam duk sun taso sama. Har yau abin na damuna.

Mu nan dogonyaro muke yi wa kayan lambu: a daka ƙwallon, kamar giram 50 a lita ɗaya ta ruwa, ya kwana, a tace da kyalle. Rana na kashe ƙarfinsa cikin 'yan kwanaki, sai an maimaita. Amma okid ban taɓa kiwo ba, gwada a ganye ɗaya tukuna.

Maman Khalifa, Gawon Nama:

Baba, sannu da ƙoƙari. Kwaron nan na sha fama da shi. Farin da kake gani kakin da ya lulluɓe jikinsa ne, shi ya sa ko an fesa magani yakan zame bai taɓa shi ba. Tsotson ruwan shuka yake yi, ya fitar da wani ruwa mai zaƙi. Zaƙin ne danƙon da ka ji, a kansa baƙin nan yake tsirowa, shi kuma kiyashi ke bi. Su kiyashin har gadinsa suke yi.

Tukwane 14 ba gona ba ce, da hannu za ka gama da shi. Sayi sifirit na kemis, mai kashi 70, da audugar goge kunne. Ka fito da tukwanen waje ɗaya bayan ɗaya, ka ɗora a tebur a inuwa, nesa da randar kwaɗi. Duk inda ka ga farin ka dangwala masa, nan take kakin zai narke ka ga ɗan kwaron ya koma ruwan ƙasa. Sai ka ɓare busasshen ɓawon nan da ke naɗe da karan Dendrobium, don a ƙarƙashinsa suke ɓuya, can ne ma gidansu. Tsohon buroshin haƙori na aiki a nan. Bayan haka ka wanke da ruwa mai ɗan sabulun salo kaɗan, ba omo ba, ka ɗauraye, ya tsane kafin ka mayar. Ruwan wankin ka zubar a kwata, don sabulu ma ba ya yi wa fatar kwaɗo daɗi.

Inda mutane ke faɗuwa shi ne su yi sau ɗaya su ce an gama. Ƙwai na nan, ƙananan kuma ido ba ya ganinsu sosai. Duk bayan kwana 7 zuwa 10 ka sake, sau uku ko huɗu. Tukunyar da ta ƙi jin magani, zazzage ta ka duba saiwa, za ka iya samunsu a can. Ka canza gawayin gaba ɗaya.

Dogonyaron da ɗan'uwa ya faɗa yana da kyau, sai dai in mansa ne, kada ka kuskura ka shafa da zafin rana. A Afrilun garin nan da zafi ke wuce digiri 40, ganye soyuwa zai yi. Bayan sallar asuba ya fi, lokacin kwaɗi sun koma maɓoya. Da magariba kuwa fitowarsu ke nan.

Abu Mabera:

Ni dai mamaki nake, mutum na da ƙadangaru har da hawainiya amma kwaro ya gagare su? Baba, ka rage musu albashi.

Magana ta gaskiya: kada wani ya ba ka shawarar takardar nan rawaya mai gam da ake ratayawa. Na sa ta a wurin tumatir, ƙaramin ƙadangare na tarar manne a jiki, da man gyaɗa na samu na ɓanɓare shi. Kiyashi kuma, sa ƙafafun bencin da tukwanen ke kai cikin gwangwanayen madara da ka zuba wa ruwa, ka tabbata babu ganyen da ya taɓa raga ko bango.

Baban Asiya, Arkilla:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Abu, ba laifinsu ba ne, abin da ke motsi suke kamawa, wannan kuwa lafewa yake kamar ya mutu.

Hajiya Maman Khalifa, yau da safe na yi tukwane biyar. Da na ɓare ɓawon karan sai da na yi salati, cike yake fal. Ɗaya na ware ta a zaure don saiwarta ma ta kamu. Gwangwanaye na sa huɗu. Kwalbar kuma zan mayar wa yaron ko zai musanya mini da taki. Tambaya ɗaya: wadda ta riga ta fito da kan fure, ita ma in taɓa ta da sifirit ɗin, ko in jira furen ya zube?